Muryar Inna Ba Talla Ba Ce

Uwata, mutum nawa kike so su ji kakarki tana kiran sunan mijinta? Ɗari biyar? Dubu goma? Faɗa mini adadin da zai ishe ki, don ni na zauna na yi ta tunani ban samo shi ba.

Ki gafarce ni, na fara da faɗa ban yi sallama ba. Halina ne, kin san shi tun kina rarrafe. To, assalamu alaikum. Ina fatan kin sauka Ngaundare lafiya, motar ba ta ba ku wahala a hawan dutsen nan ba, kin sami ɗakin da aka yi mana alkawari, kuma makullinsa yana aiki. Allah ya tsare mini ke a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan zama na kirki, ya buɗe miki karatun da kika je nema. Na cusa takardar nan cikin bargonki saboda na san sanyin garin zai sa ki zaro shi tun ranar farko. Da baki na so in gaya miki, amma ni idan na buɗe baki murya takan riga hankali fitowa, ke kuma da kin ji na ɗaga murya sai ki sunkuyar da kai ki daina ji. Takarda ba ta da tsawa.

Ba zan ba ki labarin gida ba, jiya kika baro shi. Maganar shirinki zan yi, Tsakar Gidanmu, wannan hirar da kike ɗauka da waya mutane su sauke su saurara, da kuke ce wa fodkas. Ina alfahari da shi, ko da ban taɓa faɗa miki ba. Yarinya 'yar sha tara ta tsaya ta ce Hausar Garwa ba za ta narke cikin Fillanci da Faransanci tana kallo ba, ai uban da bai yi alfahari ba sai a duba lafiyarsa.

Ranar Talata kin turo mini guntun murya na minti ɗaya, kika rubuta: "Baba, ka tura wa mutanenka na kasuwa, wannan ne zai jawo jama'a. Juma'a mai zuwa zan saki cikakkensa." Na saurara a shago sau uku. Ban tura wa kowa ba. A ciki Inna, kakarki, tana dariya har da tari, ta kira sunan Baba, mahaifina, ƙarara, ta ba ki labarin shekarar da goronsa ya lalace a hanya, jari ya tafi, ita ta riƙe gida da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta ƙofar baya, shi kuwa kullum ya saka babbar riga ya zauna a zaure ana ce masa Alhaji mai goro. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Mai gidan nan" take cewa, har bayan rasuwarsa. Ƙuli-ƙulin kuwa na ci shi har na gaji, na ɗauka sha'awa ce take yi.

Zan dawo kan wannan. Bari in fara ba ki labarin wautar ubanki, don kin ganni ina gyaran waya kin ɗauka ban san harkar nan ba. Na riga ki shigarta, sai dai a lokacina ba ta da suna.

Kin san ban yi boko ba. Da takardar da ake naɗe burodi na koyi karatu, da rubutun jikin manyan motoci, ina tare 'yan makaranta a hanya ina tambayarsu wannan harafin yaya ake faɗarsa, suna mini dariya ina zaginsu. Da na iya, sai na ga kamar duk garin nan ni kaɗai ne mai ido. Lokacin ina da rumfar caji a bakin kasuwa, ina loda wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Kina goye a lokacin, ko kin fara tafiya. Duk abin da na karanta ya ba ni haushi, sai in kunna waya in yi ta surfa magana ni kaɗai: tsadar kaya, samari marasa aiki, masu kuɗin da ba sa gaisuwa. Daga nan sai dabara ta zo mini. Duk wanda ya kawo memori a sa masa waƙa, sai in cusa maganata a tsakiya, ban gaya masa ba.

Wata rana wani direba mai zuwa Ngong ya dawo ya ajiye memorinsa a kan teburina. Ya ce, "Hamisu, waƙa na saya ko masifa? Ina cikin tuƙi fasinja suna jin daɗi, sai ga ka kana mini ihu a kunne. Wata tsohuwa har ta ce in tsaya ta sauka, ta ɗauka faɗa ake a bayan mota."

Na ce, "Gaskiya na ba ka kyauta, kai ba ka gode ba."

Ya ce, "Ka riƙe kyautarka. Ko matata ba ta mini faɗa sai na ci abinci."

Bai sake kawo mini memori ba, kuma ya gaya wa 'yan tasharsu. Wannan nake tunawa duk lokacin da na ga kin jefa shirinki cikin guruf na dangi, da na 'yan ajinku, da na matan unguwa da ake sanar da biki da rasuwa. Uwata, daina. Wanda aka tura wa abu bai nema ba, ko ya buɗe da haushi zai buɗe. Ki zaɓi mutum, ki gaishe shi, ki ce na yi hira a kan kaza, na tuna da kai saboda kaza. Mutum goma da kika yi wa haka sun fi guruf goma, don su ne za su kai shi inda ƙafarki ba ta zuwa, kuma da bakinsu za su kai, ba da naki ba.

Wauta ta biyu, ƙidaya. Ina da littafi da nake jan layi duk memorin da na sa wa maganata. Da layuka suka cika shafi sai na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Ran nan na tambayi wani tela maƙwabcin rumfata, Baba Iro, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, na ce yaya ya ji ƙarshen maganata ta jiya. Bai ɗago daga kan keke ba ya ce, "Tana da ƙarshe ne?" Ashe da ya ji muryata yake tsallakewa. Na bi mutum biyar da tambaya, babu wanda ya wuce gaisuwa. Na ji ki ranar nan kina gaya wa mamanki an sauke shirinki sau kaza, kuma wani a ajinku ya ce akwai inda ake biya a ƙara wa mutum mabiya. Kada ki soma. Lambar da ke kan waya ba ta da kunne. Idan kina so ki san gaskiya, ki ajiye tambaya a can ƙarshen shiri, ki ga mutum nawa za su amsa. Waɗannan su ne naki. Ki riƙe sunayensu, ki gaishe su a shiri na gaba, ki tambayi mai jikin da suka ce ba shi da lafiya.

Baba Iron nan dai shi ya sake gyara mini zama. Na ga Hausa kaɗai ba za ta kai ni ko'ina a Garwa ba, sai na fara haɗawa: jimla ɗaya Hausa, ɗaya Fillanci, in yayyafa Faransancin da na tsinta a jikin mota. Ya ce, "Kai yaro, da wa kake magana? Bafillace ya ji ka ya ce Bahaushe ne ke ɓata mana harshe, ɗan boko ya ji ka ya yi dariya, mu kuma mun rasa ka." Na ji haushi ƙwarai, na kwana biyu ban gaishe shi ba, amma gaskiyarsa ce. A can jami'a za su ce miki ki koma Faransanci ki sami jama'a. Ki yi musu sanarwa da Faransanci idan kina so, ki yi gaisuwa da Fillanci don maƙwabtanmu ne kuma iyayen gidanmu a garin nan, amma cikin hirar ki tsaya inda zuciyarki take. Kafin ki kunna waya ki sa mutum ɗaya a gabanki. Ki ce yau da gwaggonki ta Marwa nake magana, wadda jikokinta ba sa iya mayar mata da amsa da Hausa. Idan ita ta ji daɗi, irinta suna da yawa daga nan har Kusiri.

Kuma ki tuna da rezo, wato sabis ɗin waya. Ke kina gari, waya na kamawa. Mai shinkafa a bayan Yagwa sai ya hau tudu kafin saƙo ya shigo. Shirinki na wancan mako kusan awa ɗaya ne, ni kaina sai da na sayi kredi, wato katin waya, sau biyu. Ki rage shi, ki sa shi ya yi sauƙin turawa daga waya zuwa waya. Masu rumfar caji irina na dā har yanzu suna nan, ki je ki gaishe su, ki roƙe su su riƙa tambayar mutane ko suna so. Tambaya na ce, ba cusawa ba. Sannan ki tsayar da rana. Ni sai raina ya ɓaci nake ɗauka, wani mako sau huɗu, wani wata ko ɗaya, har 'yan kaɗan da ke sona suka gaji da jira. Mai ƙosai ma da ba a san ranar fitowarta ba, a gida ake karyawa. Kin ce Juma'a, to ko jarrabawa ce ta taso ki fito ki ce jarrabawa ce, minti biyu, ki koma.

Duk waɗannan ƙananan wauta ne, ana yi a warke. Yanzu ga wadda ban warke ba.

Kin san Sale na Yagwa, ɗan kawuna, wanda yake zuwa da farar hula idan an yi rasuwa ya zauna can gefe. Kin taɓa tambayata me ya sa ba ya dariya. Taubashina ne. A dā idan muka haɗu kasuwa takan tsaya kallo. Ya ce mini bawansa, in ce masa Inna ce ta saye shi da ƙwaryar gero, ya ƙwace mini hula, in zare masa kuɗin shayi daga aljihu. Babu abin da ba ma faɗa wa juna, don tsakanin taubasai babu fushi.

Sana'arsa rakiyar kaya ce. 'Yan kasuwa su ba shi amana ya je Ngaundare ya karɓo musu kaya daga jirgin ƙasa ya rako su har Garwa, da takardunsu duka. Abin da ba wanda ya sani sai ni, Sale bai iya karatu ba, ko harafi ɗaya. Yakan kawo mini takardun bayan rumfa in karanta masa sau ɗaya, ya haddace tsaf, buhu nawa, na wane, lamba kaza. Shekara da shekaru ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Wata ranar kasuwa ba ciniki, muna shan shayi, sai ya tashi yana kwaikwayon kansa. Ya ɗauki takarda ya riƙe nesa da fuska, ya ɗaure gira, yana gyaɗa kai yana cewa, "Dakor, dakor," wato "na yarda" da Faransanci. Ya ce, "Haka nake musu, bawana. In daɗe ina kallo kamar na ga kuskure, sai ka ga mai kaya ya fara gumi. Rannan ma a juye na riƙe ta, ba wanda ya lura." Na yi dariya har na faɗo daga benci. Wayata tana kan tebur tana ɗauka. Ya gani, ya ce, "Ɗauki mana, wa zai saurare ka?" Na ɗauki wannan a matsayin izini, don ina so ya zama izini.

Uwata, ban taɓa yin abin da ya yaɗu kamar wannan ba. Ba ni nake cusawa ba, mutane ke zuwa da ƙafarsu suna cewa a sa musu na Dakor. Direban Ngong ɗin nan ma aikowa ya yi. Mako biyu ina jin kaina sarki. Na ce yau dai na gano sirrin jawo jama'a.

A mako na uku yara suka fara bin Sale a kasuwa suna dakor, dakor. A na huɗu wani Alhaji da ya fi kowa ba shi aiki ya kira shi gaban mutane ya miƙa masa takarda ya ce karanta. Ba don an taɓa rasa kayansa ba. Kawai ya ji an yi dariya, kuma ba ya so a ce da shi aka yi. Kafin watan ya ƙare babu mai ba Sale rakiya. Ya kwashe iyalinsa ya koma Yagwa wajen dangin matarsa, yana ɗaukar buhun shinkafa.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ranar sunan ƙanenki ya zo, na hango shi na taso da gudu na ce, "Bawana, ka zo yi wa ubangidanka hidima?" Sai ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Malam Hamisu, barka da arziki. Allah ya raya." Malam Hamisu. Shekara goma sha huɗu ke nan, duk haɗuwarmu haka yake gaishe ni, da ladabi, kamar baƙon da aka haɗu da shi a tasha.

Bayan tafiyarsa Yagwa da kwana biyu Inna ta yi mini magana. Ɗan wanta ne, kin san abin ya taɓa ta. Ina cin tuwo ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Abin da ya faɗa maka yana dariya, ka ɗauka ba ka ya yi? Ajiya ya ba ka." Ta wuce. Ranar na goge duk maganganuna, na koma gyaran waya.

To yanzu ki dubi naki. Ke jika ce, kuma takwararta. Tsakaninki da ita wasa ne, kamar ni da Sale. Za ta faɗa miki abin da ba za ta taɓa faɗa a gabana ba, ta kira sunan da ta shekara hamsin tana kaucewa, don a wajenta ɗakin daga ita sai ke. Ta ga waya a hannunki, na sani. Inna ta san waya abar gaisawa da mutanen Marwa ce. Ba ta san cewa muryarta za ta iya shiga rumfar mahauta, da shagon 'yan goro inda har yau akwai waɗanda suka yi ciniki da Baba, da kunnen 'yan'uwansa da suka sha cin abincin gidanmu suna yi masa kirari ba. Matar nan ta yi shekaru tana fitar da mai ta ƙofar baya don kada a gane. Ta rufa masa asiri yana raye, ta rufa bayan ransa. Ke kuma a minti ɗaya za ki buɗe, don lamba ta hau.

Kuma zai hau, ban ce miki ba zai hau ba. Kin iya zaɓe, jinina ce ke. Shi ya sa nake tsoro.

Na san abin da za ki ce: bari in kira ta in tambaye ta. Kada ki yi ta waya. Za ta ce "to, takwara, yi abinki," don ba ta taɓa hana ki komai ba, har naman miyarta. Wannan irin izinin Sale ne. Ki bari sai kin zo hutu. Ki zauna da ita, ba na nan, mamanki ba ta nan. Ki kunna mata ta ji kanta. Ki lissafa mata da suna waɗanda za su ji: su wane na kasuwa, su wance na Marwa. Idan ta ce a cire sunan a bar ƙuli-ƙulin, ki yi haka. Idan ta ce a bar duka a ɗaki, ki ajiye wa 'ya'yanki, wata rana za su gode miki. Idan kuma ta ce a saki, labarinta ne, ni ba ni da ta cewa, da hannuna zan tura wa kasuwa. Amma ba wannan Juma'ar ba.

Na san na bar ki da rami a shirin Juma'a, kuma ni na ce kada ki saɓa rana. To ga abin cikewa, na ubanki, da izininsa a rubuce. Ki ba su labarin direban Ngong, da Baba Iro, ki faɗi sunana, su yi mini dariya son ransu, na cancanta. Labarin Sale kuwa kada ki taɓa shi, ba sunansa, ba sana'arsa, ba kalmar nan da yara suka bi shi da ita. Ba nawa ba ne balle in ba ki. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ki karanta 'yan layukan da ke ƙasa a ƙarshen shirin, yadda na rubuta su. An ce mini 'yarsa tana sauraronki, kuma takan kunna a tsakar gida.

Kafin nan, Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na bakinki, wanda kika gada a wajena. Ki riƙa cin abinci kafin ki shiga aji, ki rufe kanki da safe, garin nan ba Garwa ba ne. Ki kira Inna ranar Juma'a ki tsokane ta kamar kullum, kada ta ji wani canji. Allah ya dawo mini da ke lafiya, da ilimi, da mutuncin da kika tafi da shi.

Mahaifinki, Hamisu.

Ga abin karantawar:

"Wani mutum a Garwa yana kiran taubashinsa. Ya ce: a gaban jama'a na yi maka laifi, shi ya sa nake neman gafara a gaban jama'a. Na gaji da Malam. Na gaji da hannu biyu. Idan kana ji, ka aiko da murya a wannan shiri, ba sai ka faɗi sunanka ba, zan gane ta. Ka gaya wa mutane waye bawan wani tsakanina da kai. Ka amsa mini a nan inda kowa zai ji, ko da zagi ne. Zagin ma nake jira."